Zane a jikin shingen gini: Abin da fenti ke ƙawatawa da abin da yake rufewa a New York

A tsakiyar shekarar 2018, matafiyan da ke fitowa daga tashar jirgin ƙasa ta Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a birnin New York suka fara cin karo da abin da idonsu bai saba gani a wurin ba. A gefen arewa na tashar akwai wasu manya-manyan rumfunan kwano masu launin toka, waɗanda suka yi shekaru a tsaye ba mai ɗaga kai ya dube su. Cikin 'yan makonni sai suka rikiɗe. Nan zukata ne birjik, ja da shuɗi da ruwan hoda; can fuskokin 'yan mata ne masu dara-daran idanu; gaba kaɗan kuma haruffa da siffofi irin na littattafan barkwanci. Masu saurin zuwa ofis suka riƙa rage tafiya, 'yan yawon buɗe ido kuma suka samu sabon wurin tsayawa ɗaukar hoto.

Ba cikin dare aka yi aikin a ɓoye ba. Masu wurin ne da kansu suka gayyato masu zanen, wato Hukumar Tashoshi ta New York da New Jersey, wadda ita ce mai filin, da kamfanin Silverstein Properties, wanda ya karɓi hayar cibiyar ta shekara 99 a watan Yulin 2001, makonni kaɗan kafin harin 11 ga Satumba. Cikin waɗanda aka ba bango akwai Todd Gray da Hektad da Stickymonger da BoogieRez da Chinon Maria da Sebastian Mitre. Hektad, ɗan unguwar Bronx, ya fara wannan sana'a ne tun yana yaro, a zamanin da riƙe gwangwanin fenti kusa da jirgin ƙasa kan kai mutum hannun 'yan sanda.

Wurin ba na wasa ba ne. Taku kaɗan daga rumfunan akwai manyan tafkuna biyu da aka gina a gurbin tagwayen benayen da suka rushe, an sassaƙa sunayen mamata kusan 3,000 a gefensu. Ita kanta tashar, wadda ake kira Oculus, Santiago Calatrava ɗan ƙasar Sifaniya ne ya zana ta da fararen haƙarƙarin ƙarfe da suka buɗe kamar fukafukan tsuntsu. An buɗe ta a watan Maris na 2016 bayan ta ci kusan dala biliyan 4, ninki biyu na abin da aka ƙiyasta da farko. Ta nan jiragen PATH ke sauke ma'aikatan da ke kwana a jihar New Jersey, tsallaken kogin Hudson, suna yini a Manhattan, kuma ta nan ake ratsawa zuwa layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa da dama na birnin.

Wanda ya san yadda aikin gwamnati ke tafiya, da ya ga wannan wuri, tambayar da za ta fara zo masa ba ta zane ba ce. Me rumfunan kwano ke yi a kan ɗaya daga cikin filaye mafiya tsada a Amurka?

Amsar ita ce, a nan ne ya kamata a ce bene na biyu na sabuwar cibiyar yake tsaye. Norman Foster na Ingila ya zana shi tun 2006. An haƙa harsashi, an ɗago shi har ya kai daidai da titi a 2013, daga nan aiki ya tsaya, domin masu ba da bashi ba sa sakin kuɗin ginin bene irin wannan sai an samu babban ɗan haya da ya sa hannu tun kafin a ɗora hawa na farko. A 2015 aka sake zanen gaba ɗaya, Bjarke Ingels ɗan Denmark ya tsara sabo don ya dace da buƙatar kamfanonin News Corp da 21st Century Fox na Rupert Murdoch. A watan Janairun 2016 kamfanonin suka janye. Benaye na ɗaya da na uku da na huɗu duk suka tashi aka buɗe su, na biyu ya tsaya a gindinsa, aka rufe injinan da ke samansa da kwano. Wannan kwanon ne aka yi wa fenti.

Saboda haka zanen ya yi aiki biyu a lokaci guda. Ya ba matafiyi abin kallo a inda babu, ya kuma sa aikin da ya tsaya ya daina kama da aikin da ya tsaya.

Daga laifi zuwa kwangila

Abin mamakin shi ne garin da wannan ya faru a cikinsa. Babu birnin da ya yi yaƙi da rubutun fenti a bango kamar New York. A watan Yulin 1971 jaridar New York Times ta ba da labarin wani matashi mai aikin kai saƙo da ke rubuta laƙabinsa, TAKI 183, a duk tashar da ya bi. Kafin a ankara yara dubbai sun bi sahunsa, daga alƙalamin tawada aka koma gwangwanin feshi, daga bangon tasha aka koma jikin tarago, har ta kai wasu jiragen ba a ganin waje ta tagoginsu. Magajin gari John Lindsay ya shelanta yaƙi da abin a 1972, bai yi nasara ba. A wajen yawancin fasinjoji na wancan zamani, taragon da aka zane alama ce ta cewa babu mai iko da jirgin, kuma inda babu mai iko ɓarawo ma zai shiga.

Sai a 1984, lokacin da David Gunn ya karɓi ragamar hukumar sufurin birnin, aka samo dabarar da ta yi aiki. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk taragon da aka tsabtace, in aka sake yi masa fenti, ba zai fita aiki ba sai an wanke shi, ko da kuwa a lokacin cunkoso ne. Mai zane ya kwana yana wahala don garin ya ga sunansa yana yawo, gari ya waye jirgin bai fita ba. A ranar 12 ga Mayun 1989 hukumar ta janye jirgi na ƙarshe mai fenti daga kan layi.

A cikin waɗannan shekarun ne kuma Keith Haring ya lura da wani abu a tashoshin ƙarƙashin ƙasa. Idan wa'adin talla ya ƙare ba a samu sabon mai biya ba, ma'aikata kan rufe allon da baƙar takarda. Haring ya riƙa sauka daga jirgi da farin alli, ya zana 'yan mutanensa masu rawa da karnukansa masu haushi cikin 'yan mintuna, ya hau jirgi na gaba. Daga 1980 zuwa 1985 ya yi dubban irin waɗannan, an kuma kama shi ba sau ɗaya ba. Shi ne ya fara nuna wa birnin cewa fili na wucin gadi a wurin da jama'a ke jira ya fi ɗakin baje kolin zane yawan 'yan kallo. Abin da aka kama shi a kansa shi ne, bayan shekara talatin da 'yan kai, masu gine-gine ke biyan kuɗi a yi musu.

Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Aikin gini a tasha ba kamar aikin gini a bayan gari ba ne, domin ba a iya rufe tasha a ce wa mutane su dawo bayan shekara uku. Shinge kan matse hanya, ya toshe haske, ya rufe kantunan da mutum ya saba gane hanya da su, ya mayar da kowane lungu iri ɗaya. Fasinjan da ke riƙe da jaka da yaro, jirginsa na shirin tashi, ba abin da ya fi ɓata masa rai kamar dogon zaure na katako wanda bai san inda ya nufa ba. Zane kan ba shi alamar da zai riƙe: a haɗu wajen zukatan nan, a juya dama bayan babbar fuskar nan. Akwai kuma lissafin kuɗi. Farin bango ko koren bango gayyata ce ga duk mai gwangwani, ɗan kwangila ya yi ta sake fenti. Bangon da wani sanannen mai zane ya riga ya cika kuwa, 'yan sana'ar sukan ji nauyin hawa kansa, don a al'adarsu yin hakan cin fuska ne. Kuɗin fenti da ladan mai zane, in aka ajiye su kusa da dala biliyan 4, ba su kai ɗigon ruwa a tulu ba.

Garin da ya lulluɓe kansa da kore

Rumfunan Cibiyar Kasuwanci ta Duniya ƙaramin ɓangare ne na wata matsala da ta game birnin. A watan Mayun 1979 wani ɓaraguzan gini ya ɓalle daga saman wani tsohon bene a titin Broadway ya faɗo kan wata ɗalibar kwalejin Barnard, ta rasu. Shekara ta zagayo majalisar birnin ta kafa dokar da ta wajabta a riƙa binciken fuskar duk ginin da ya haura hawa shida kowace shekara biyar, aka kuma ƙara tsaurara ta a 1998. Idan injiniya ya ce fuskar gini na da haɗari, dole mai shi ya kafa rumfar katako da ƙarfe a kan hanyar masu tafiya a ƙafa har sai ya gyara.

Dokar ta ceci rayuka, amma ta bar wata kafa da masu gidaje suka gano da wuri. Hayar rumfa ta fi gyaran bene araha nesa ba kusa ba, kuma a wancan lokacin muddin rumfar na tsaye ana sabunta lasisinta, mai gida kan iya jan ƙafa wajen gyara. Sai aka riƙa kafa rumfa a manta da gyara. A 2023 hukumomin birnin suka ce akwai irin waɗannan rumfuna kusan 9,000, waɗanda in aka jera su za su kai kusan mil 400, wato fiye da kilomita 600, nisan da ya zarce na Abuja zuwa Kano. Wata da ke gaban gida mai lamba 409 a titin Edgecombe, unguwar Harlem, ta yi shekara 21 kafin a cire ta a watan Disambar 2023. Jaririn da aka haifa a gidan ranar da aka kafa ta ya kai munzalin jefa ƙuri'a bai taɓa ganin ƙofar gidansu babu rumfa ba.

A 2013 doka ta ce duk shingen gini da rumfa a birnin a shafa musu kore mai duhu, kuma an hana liƙa musu komai. Niyyar ita ce a samu tsari, abin da aka samu kuwa gari ne mai launi ɗaya. Wata ƙungiya mai suna ArtBridge, wadda Rodney Durso ya kafa a 2008 bayan ya gaji da kallon rumfar da ta lulluɓe gidan da yake zaune, ta yi shekaru tana neman a bar masu zane su yi amfani da waɗannan bangaye. A 2018 sashen al'adu da sashen gine-gine na birnin suka fara gwajin wani shiri mai suna City Canvas, majalisa ta mayar da shi doka a 2021, ya fara aiki na dindindin a 2023. A ƙarƙashinsa mai gini na iya ɗauko mai zanen da yake so ya kai aikin a tantance, ko ya zaɓa daga cikin zane-zanen da hukuma ta riga ta amince da su. Talla ba ta shiga ciki.

To amma a shekarar da shirin ya zama na dindindin, a ita ce magajin gari Eric Adams ya ƙaddamar da wani shiri na daban wanda manufarsa gaba ɗaya ita ce a sauke rumfunan. Hannu ɗaya na ƙawata su, ɗaya na ƙoƙarin tumɓuke su. Ba rashin tsari ba ne, gane gaskiya ce: munin shinge wani irin matsin lamba ne. Maƙwabcin da ke bi ta ƙarƙashin baƙar rumfa kullum zai kira hukuma, ya rubuta wa ɗan majalisarsa, ya dami mai gida. Idan aka mayar masa da ita lambun furanni na fenti, zai iya saba wa da ita, ya daina tambayar ranar da za a gama. A 2025 majalisar birnin ta zartar da wasu dokoki da suka ƙara launukan da aka halatta, suka kuma gajarta wa'adin lasisin rumfa tare da tanadar tara ga mai jan ƙafa wajen gyara. Fenti da tara aka haɗa a buhu ɗaya, kuma da alama haka ya fi.

Akwai wasu tanade-tanade biyu a dokar 2013 da ba a cika maganarsu ba, alhali sun fi launin muhimmanci. Na farko, dole shingen gini ya kasance da 'yar taga a kowace ƙafa 25, yadda mai wucewa zai leƙa ya ga ko da gaske ana aiki a ciki. Na biyu, dole a kafa allo mai ɗauke da sunan mai gini da na ɗan kwangila da lokacin da ake sa ran kammalawa da lambar da za a kira a kai ƙorafi. Duk kyan zane, bai da izinin rufe tagar nan ko allon nan.

Bangon wani, zanen wani

Sai kuma tambayar da lauyoyi suka fi damuwa da ita. Shinge abu ne da aka kafa don a rushe. Ranar da aka zo rushewa, zanen na wa ne?

New York ta koyi wannan darasi da tsada. A unguwar Long Island City akwai wata tsohuwar masana'anta da mai ita, Jerry Wolkoff, ya bar masu zane suna amfani da bangayenta shekara da shekaru. Aka san wurin da 5Pointz, fasinjojin jirgin layi na 7 kan gan shi ta taga, baƙi daga ƙasashe da dama kan zo musamman don su zana ko su kalla. Da Wolkoff ya tashi gina benayen haya a wurin, masu zanen suka garzaya kotu. A wani dare na watan Nuwambar 2013, ba tare da sanarwa ba, ya sa aka shafe komai da farin fenti. A watan Fabrairun 2018 mai shari'a Frederic Block ya yanke masa diyyar dala miliyan 6.75 ga masu zane 21 kan ayyuka 45, wato dala 150,000 kowane aiki, iyakar abin da dokar kare haƙƙin masu zane ta 1990 ta tanada. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2020, ta ce kasancewar zane na wucin gadi bai hana shi samun darajar da doka za ta kare ba, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar. Babu wanda ya ce ginin ba nasa ba ne, ko ba shi da ikon rushe shi. Abin da ya kayar da shi gaggawa ce da rashin ba mutane damar kwashe abin da za su iya kwashewa.

Watanni huɗu bayan wannan hukunci aka fara fentin rumfunan Cibiyar Kasuwanci ta Duniya. Duk mai ginin da ke da lauya a yau, kafin mai zane ya buɗe gwangwani, sai an rubuta tsawon lokacin da zanen zai zauna, da wanda ke da ikon buga hotonsa ya sayar, da abin da za a yi da allunan in an kwance su.

A Tokyo an nuna yadda ake rabuwa da irin wannan zane cikin mutunci. Lokacin da aka rushe kantin Parco na unguwar Shibuya, wadda tasharta ke cikin mafiya cunkoso a duniya, an lulluɓe shingen aikin daga 2017 zuwa 2019 da hotunan da Kosuke Kawamura ya harhaɗa daga Akira, littafin zane na Katsuhiro Otomo. Zaɓin ya dace, don labarin Akira a wata Tokyo ta 2019 da ake sake ginawa yake faruwa. Da aka buɗe sabon kantin a watan Nuwambar 2019, aka shigar da aikin ciki aka baje kolinsa. A Ostireliya kuwa, hukumar birnin Sydney ta wajabta wa masu gini a titunan da jama'a suka fi bi su rufe shingensu da aikin mai zane ɗan ƙasar ko da tsofaffin hotunan tarihin unguwar, har ta sayi izinin wasu zane-zane tana ba su kyauta. Melbourne ma ta yi shekaru tana canza zanen shingayen da suka kewaye sababbin tashoshi biyar na jirginta na ƙarƙashin ƙasa. Canzawar kanta na da amfani, domin shingen da ake sabunta fuskarsa yana nuna akwai wanda bai manta da wurin ba.

Kwanon Abuja

Ma'aikacin da ke shigowa Sakatariyar Tarayya daga Nyanya ko Kubwa ko Lugbe ba sai an kwatanta masa shingen kwano ba. Ya san launinsa yana sabo, ya san launinsa bayan damina biyar. Hasumiyar Millennium da hedikwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa, waɗanda dukansu aka faro a 2006, sun koya wa mazauna tsakiyar birnin yadda aikin wucin gadi ke zama ɓangaren taswira. Wuraren hada-hadar matafiya ma ba su rasa aiki ba a 'yan shekarun nan: jirgin ƙasa na cikin gari da aka ƙaddamar a Yulin 2018, ya tsaya a 2020, aka sake tayar da shi a Mayun 2024, da sababbin tashoshin mota na Mabushi da Kugbo, da gadoji da mahaɗun tituna da ake ta faɗaɗawa.

Hannun da zai yi zanen ba shi ne matsala ba. Ƙasar da ta fitar da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya daga Zariya tun ƙarshen shekarun 1950, wadda sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ke yaye ɗalibai kowace shekara, ba za ta rasa mai cika kwano mita ɗari ba. Ga masu zanen bayan manyan motoci, waɗanda suka fi kowa sanin yadda fenti ke kama ƙarfe da yadda yake jure rana. A Legas an riga an gwada makamancin wannan lokacin da Polly Alakija ta zane ginshiƙan ƙarƙashin gadar Falomo a 2017. Wanda kuma zanen fuskar mutum ko dabba bai kwanta masa a rai ba saboda addini, sai ya tuna ƙofar fadar Zazzau da tsofaffin gidajen cikin birnin Kano: maginan Hausa sun daɗe suna ƙawata bango da dagi da sarƙaƙƙun layuka masu launi ba tare da siffanta mai rai ba.

Kuɗin ma ba sabon babi yake buƙata a kasafi ba. Shinge yana cikin kowace kwangilar gini tun farko, a sashen share fagen aiki na takardar ƙididdiga, tare da ofishin wucin gadi da allon sanarwa. Jami'in da ke rubuta sharuɗɗan kwangila zai iya ƙara layi biyu: irin zanen da ake so, da cewa ladan mai zane zai tafi hannunsa kai tsaye. Haɗarin sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a kwamitin tantance kwangila. Ƙaramin aiki mara ma'auni, wanda ba a auna shi da buhu ko tan, shi ne ya fi saurin kumbura a takarda, kuma shi ne aka fi saurin miƙa wa ɗan'uwan wani. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta ba mai zane haƙƙin a ambaci sunansa da haƙƙin ƙin yarda a wulaƙanta aikinsa, don haka batun ranar kwancewa ma sai an rubuta shi.

Babban abokin hamayyar mai zane a Abuja ba ɗan feshin dare ba ne kamar a New York, mai liƙa fasta ne. Kowane kwano da ke bakin titi, da zarar kakar zaɓe ta ƙarato, sai ya cika da fuskokin 'yan takara, wani kan wani, tare da sanarwar taron addu'a da tallan maganin gargajiya. Hukumar Birnin Tarayya tana da sashe guda mai kula da tallace-tallacen waje da alluna, kuma duk shirin zanen da bai samu goyon bayansa ba, mako biyu ya ishe shi ya nutse ƙarƙashin takarda da sitati. Idan kuma aka bar wa mai riƙe da muƙami zaɓin abin da za a zana, ba sai an yi dogon tunani ba kafin a san fuskar da za ta bayyana.

Akwai abin da ya riga duk wannan, wanda ba ya buƙatar mai zane. Allon kwangila da ke tsaye a bakin yawancin ayyukan gwamnati yana ɗauke da sunan ma'aikata da na ɗan kwangila da na masu ba da shawara, cikin manyan haruffa. Layin wa'adin kammalawa, inda aka rubuta shi ma, shi ne rana ke fara cinyewa, kuma ba kasafai ake turo mai fenti ya sabunta shi ba. Tagar leƙawa kuwa, a yawancin shingayen birnin, tsatsa ce ke huda ta.